Waya Biyu, Uwa Ɗaya

Padova, ƙarshen Fabrairu

Yaya Profira,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da mijinki Gavril, da Mama. Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sauka? Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon bayan nan da kika sani. Sinyora Adalgisa, tsohuwar da nake jinya, tana nan da ranta da bakinta. Jiya ta wuni tana zargina da sace mata cokali, ashe yana cikin aljihun rigarta.

Kwalin da kika ba Tihon direba ya iso. Na gode da waken da busasshen tuffa. Kwalba ɗaya ta fashe a hanya, duk motarsa ta ɗauki warin tafarnuwa, ya ce a gaya miki ya yafe.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ke ba a magana da ke a waya, kullum Mama na gefenki, kuma ba abin da kika iya sai "lafiya lau, lafiya lau". Sai a bakin Tihon na ji cewa wayar Mama ta faɗa cikin gangar kabeji mai tsami tun kafin Kirsimeti. Ashe shi ya sa duk lokacin da na kira ake ce mini a kashe take, ke kuwa kina ta ce mini matsalar sabis ce. Direba ya sani, maƙwabta sun sani, ni da ta haifa ce ta ƙarshen ji.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Yanzu in ina son jin muryar uwata sai na bi ta wayarki, sai in kina gida, sai in kin ga dama. Kuma ina jin tsintsiyarki a kusa da mu, kina share wurin da ba shi da datti.

Don haka na yanke shawara. Na ga wata waya a nan, babba, ta shafawa, allonta ya kai tafin hannun Gavril, hotonta tar. Ina so in riƙa ganin fuskar Mama, ba muryarta kaɗai ba. Layi kuma Kodrufon za a saka mata. Duk matan ƙasarmu da muke haɗuwa da su ran Lahadi a filin da motocin kaya ke tsayawa shi suka saka wa iyayensu, kiran Italiya a kansa kamar kyauta ne, kuma ana ganin juna ba ya yankewa. Kada ki sayi komai, ki bar mini wannan. Wannan nawa ne.

Ki gaida Mama, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Ƙanwarki,
Serafima

*

Nukareni, farkon azumin Ista

Fima,

Mun ga takardarki, muna amsawa. Mama da sauƙi, kumburin yana sauka da safe ya dawo da yamma. Gavril yana gonar inabi yana datse rassa, ya ce a gaishe ki. Saniya ta haihu, mace.

Batun gangar kabeji, ban gaya miki ba ne don na san halinki, za ki wuni kina kuka a gidan mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yanzu ga shi kin yi kukan, har da ƙari.

Takardarki ta zo a makare, na riga na saya. Ranar kasuwa na shiga Orhei, yarinyar shagon ta baje mini wayoyi kala-kala, na ce ta ajiye duk masu gilashin nan. Kin manta hannun Mama? Yatsun duk sun yi kanta. Na ba ta tawa ta gwada, ta shafa, ta danna, har ta tofa yawu ta goge, allon bai san an taɓa shi ba. Na ɗauko mata mai manyan madannai, mai tocila, ƙararta tana tashin kaji, in an yi mata caji sai an manta da an yi.

Shi kuma Kodrufon ɗin naki, Italiya ta mantar da ke inda gidanmu yake? Cikin kwari muke, Fima. Ƙarfen sabis ɗinsu yana bayan tudu, ba ya kamawa sai an hau maƙabarta. Ran Lahadi in kika ga mata tsaitsaye tsakanin kaburbura, hannu a kunne, ba addu'a suke yi ba, da 'ya'yansu na Italiya suke magana. Ƙawayen naki ba su gaya miki wannan ba. Da wace ƙafar Mama za ta hau tudun nan? Prutel na saka mata, yana kamawa har cikin ɗakin ƙasa inda muke ajiye gangunan. Kiran waje da tsada a kansa, na sani, amma ai dama ke kike kira.

Akwai magana ɗaya a takardarki da ta tsaya mini a wuya. Kin ce "wannan nawa ne". Ban san an raba Mama ba. In kuwa an raba, to ni aka ba ƙafar, da hawan jinin, da wankin zannuwan gado, ke aka ba ki Lahadi. Garin kofin da kike aikowa ba ta sha, jera gwangwanayen take a kabad don baƙi su gani. Duk wanda ya shigo sai ya ji "Fimata ce ta aiko". Ni da nake dafa tuwon masarar da take ci safe da yamma ban taɓa jin ta gaya wa kowa wanda ya dafa ba. Sau ɗaya na so in riga ki yi mata wani abu da za ta riƙe a hannu, shi ma kin ce naki ne.

Ban ba ta wayar ba tukuna, tana cikin kwalinta, ina jiran rajistar layin ta fito. Ki ajiye kuɗinki ki je a duba miki bayan nan.

Yayarki,
Profira

*

Padova, tsakiyar Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya raya 'yar saniya. Bayana da sauƙi, ba sai an duba ba.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin motar Tihon, sai da na nemi wuri na zauna. Wato ni Lahadi aka ba ni. To bari in gaya miki yadda Lahadin take. Sauran kwanakin mako ina wanke uwar wasu, ina ba ta abinci a baki, ina taje mata kai, tana kirana da sunan wata 'yar aikinta da ta mutu tun kafin a haife ni. Duk lokacin da na durƙusa ina shafa mata mai a ƙafa, ƙafar Mama nake gani, kuma na san hannunki ne a kanta ba nawa ba. Kina ganin ba na kishinki? Ina yi, har ya hana ni cin abinci.

Ga wayar nan cikin kwalin, a naɗe cikin rigar sanyin da na saƙa wa Gavril. Na roƙi Tihon ya tsaya a Kishinau ya sayi layin Kodrufon ya saka a ciki, ya kuma turo mini lambar. An gyara ta yadda ba sai an yi komai ba, in ta yi ƙara a taɓa kore kawai, sai fuskata ta fito. Zancen tudu kuwa, Gavril yana da keken doki. Mutumin da ke kai gangar inabi har Orhei ba zai gaza kai surukarsa kan tudu sau ɗaya a mako ba. Ta gaida Baba a kabarinsa, ta gan ni, ta sha iska.

Tunda kin saya na saya, ba ni za ta bi ba, ba ke ba. Ki ajiye su biyun a kan tebur a gabanta, ki gaya mata wace ce ta wa, da inda kowace ke kamawa, daga nan ki ja bakinki ki yi shiru. Kada ki yi tari, kada ki yi wannan ajiyar zuciyar taki. Wadda ta ɗauka ta ɗauka. Na yarda da ke a kan wannan, don duk halinki ba kya ƙarya, ɓoyewa kawai kike yi.

Bana ba zan samu zuwa Ista ba, ɗan Sinyora ya ce babu mai karɓata. Ki kunna wa Baba kyandir da sunana ranar tuna matattu.

Serafima

*

Nukareni, makon Lahadin Ganye, dab da Ista

Fima,

Kowa lafiya. Rigar ta yi wa Gavril daidai, sai dai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya ce ba komai, dama ba daidai suke ba.

Na yi yadda kika ce. Bayan mun ci abincin rana na share tebur na ajiye su biyu. Na ce, "Mama, wannan daga Fima, wannan daga ni. Ta Fima ana ganin fuska amma sai a kan tudu, tawa murya ce kawai amma tana kamawa ko'ina." Na koma bakin murhu na juya baya. Ko tari ban yi ba, Gavril ne shaida.

Ta goge hannu a zaninta har sau biyu kafin ta taɓa taki. Ta ɗaga ta, ta juya, ta ga fuskarta a gilashin ta gyara ɗankwali.

"Sabuwa ce? Ba wanda ya taɓa magana da ita?"

Gavril ya ce, "Fil, Mama. Ko ledar gilashin ba a ɓare ba."

"Ita ce mai kamawa a kan tudu?"

"Ita ce."

Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Wannan ta fi ƙarfin hannuna." Ta tashi da sandarta ta shiga babban ɗaki, ta ɗauko sabon tawul ta naɗe ta, ta saka cikin akwatin katako ta rufe. Ta dawo ta ɗauki tawa, ko kallonta ba ta yi ba, ta jefa a aljihu ta ce in tafi in ba kaji ruwa.

To kin ji. Ke kika ce ta zaɓa, ta zaɓa. Ba zan ce ban ji daɗi ba, ranar har waƙa na yi wajen tatsar saniya. Lambar tana bayan takardar nan, ki kira ta duk lokacin da kika so, tana aljihunta, ba ruwana da tsintsiya.

Tihon ya ce makonnin Ista mutane zai ɗauka ba kaya ba, don haka in kin ji shiru ba fushi ba ne.

Profira

*

Padova, bayan Ista

Almasihu ya tashi.

Profira, yau ba zan tambayi lafiyar kowa ba, tunda na san amsar.

Kin lura ban kira lambar da kika rubuto ba. Na kasa. Ranar Ista ma ta wayar Gavril na gaida Mama. Amma duk Lahadi sai na gwada ɗaya lambar, ta wayar da ke cikin akwati, ko ta canza ra'ayi. Kullum a kashe.

Lahadin nan sai ta shiga. Ina zaune a lambun da ke bayan coci, na ji tana ringin. Na gyara gashina, na goge fuska, na ce yau Gavril ya kai ta kan tudu. Aka ɗauka. Abin da na fara gani kunne ne, cike da gashi. Daga nan gemu, daga nan sararin sama da kan wani gicciye.

"Alo! Wane ne? Kai, akwai mace a cikin abin nan!"

Na ce, "Wa ke magana?"

"Ifrim ne mana! Wa kike nema? Laa, 'yar Arhip ce? Ta Italiya? Kin yi ƙiba, 'yar nan!"

Kawu Ifrim, Profira. Mai buga ƙararrawar coci, mai kwana a bukkar maƙabarta, wanda bai san inda ake magana da inda ake ji a jikin waya ba. Ya ce kyauta aka ba shi daga gidanmu, matar limamin coci ta kunna masa, kuma yana yi mana addu'a. Ya juya ni ƙasa da sama har sai da na kashe. Mutane na wucewa suna kallona ina kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Mama ba ta so, na ji, na haɗiye. Amma ta zauna a akwati ma ba ki iya jurewa ba? Sai da kika fitar da ita daga gidan gaba ɗaya, kika miƙa wa tsohon da zai fasa gyaɗa da ita? Mama ba ta kyautar da ko gwangwanin kofi nawa, kin faɗa da bakinki. Wannan aikinki ne. Kin samu ƙafarta, kin samu aljihunta, ɗan wurin da ya rage mini cikin akwati shi ma ya tsone miki ido.

Ki ba ni amsa a rubuce. Kada ki kira ni.

Serafima

*

Nukareni, cikin Mayu

Haƙiƙa Almasihu ya tashi.

Fima, muna lafiya ko ba ki tambaya ba. Takardarki ta yi kwanaki a ƙarƙashin kujerar Tihon kafin ya tuna da ita. Da ta zo da wuri da na amsa miki da zafi, yanzu na huce, ko in ce wani abin ya fi shi ci mini rai.

Ba ni na bayar ba. Ranar tuna matattu Gavril ya kai mu kan tudu a keken doki. Na shirya komai kamar kullum: burodi mai kitso, ƙwai da aka rina ja, kyandir, tawul, kofuna. Kyandir ɗinki ma na kunna. Bayan limami ya zagayo ya yi addu'a a kan kabarin Baba, mutane suka fara miƙa sadaka ta saman kaburbura. Ko shi ma kin manta? Abin da aka miƙa ta saman kabari da sunan mamaci, shi ne zai samu a can. Bara ta aika masa da takalmi da hula.

Sai na ga Mama ta zura hannu a ƙirjinta ta zaro wani ƙunshi da ban san ta taho da shi ba. Ta ƙwala wa Kawu Ifrim kira, don sa'an Baba ne. Ta tsayar da shi a ɗaya gefen kabarin, ta ɗora burodi da kyandir a kan ƙunshin, ta miƙa masa. "Don ran Arhip," in ji ta. Ya karɓa ya sumbaci burodin ya ce Allah ya kai masa. Da gefen tawul ɗin ya zame na ga gilashi, amma an riga an miƙa, kin san ba a karɓowa.

A hanyar dawowa na kasa yin shiru. Na ce, "Mama, wayar Fima ce fa! Kin san wahalar da ta sha kafin ta saya?"

Ta ce, "Na sani mana. Babanku ya tafi bai taɓa riƙe irinta ba. Kullum yana cewa yarinyar nan ta yi nisa, ko fuskarta ba ya gani. Kuma ku da kanku kuka ce a can take kamawa."

Gavril ya yi dariya har doki ya tsorata. Ni ban yi ba. Na ce, "To me ya sa ba ki ba shi tawa ba, ki riƙe ta Fima?"

Ta dube ni kamar na zagi wani. "Taki? Haba Profira. Ana ba mamaci abin yau da kullum ne? Mafi kyau ake ba shi, wanda in ya fita hannunka sai ka ji zafi. Taki ai ta aiki ce."

Kin ji zaɓin da na yi wa waƙa a gindin saniya. Taki ta shiga sabon tawul ta tafi wurin Baba. Tawa tana aljihu tare da ƙwayar masara da igiyar ɗaure kaza, jiya ma da ita ta buga ƙusa.

Ban gama ba. Da muka iso gida ta miƙo mini ita ta ce in saka mata lambarki a madanni na ɗaya, don tana so ta riƙa kiranki da kanta, ko da tsada. Na saka da hannuna. Na tsaya ina jira, na ce, "Tawa fa, a na biyu?"

Ta ce, "Me zan yi da taki? Ke ai ihu ɗaya ce."

Sai na fita na ba kaji ruwa. Kada ki ƙara ce mini na ƙwace miki wuri, Fima. Ban san wurin da nake da shi ba da zan ƙwace na wani.

Yayarki,
Profira

*

Padova, ƙarshen Mayu

Yaya Profira,

Ina gaishe ki, ina gaida Gavril. Yaya ƙafar Mama, yaya kuma naki jikin? Na lura ban taɓa tambayar naki ba. Abin da na rubuta a kanki ba gaskiya ba ne, ki yafe mini. Ki gaya wa Kawu Ifrim ya riƙe wayar, zan riƙa saka masa kati, in na kira ya juya ta wajen kabarin Baba, ba wajen kunnensa ba.

Mama ta kira ni ranar Lahadi, da kanta. Ta tambayi lafiyata, ta tambayi lafiyar Sinyora, ta yi godiyar kofi, ta sa mini albarka. Muryar nan tata mai laushi, wadda take yi wa limami da baƙi. Da ita take mini magana tun da na bar gida. Ba ta taɓa ce mini na cika gishiri a miya ba, ba ta taɓa aikena ba, ba ta taɓa yi mini tsawa ba. Kina kishin tawul ɗina, Yaya, ni kuwa da za a ce in zaɓa, aljihun nake so, da masarar da igiyar duka. "Ihu ɗaya" ɗin nan da ya sa ki fita wajen kaji, na karanta shi har takardar ta yi laushi.

Ina da roƙo ɗaya, kuma kada ki gaya mata. Lahadi mai zuwa in ta kira ni, kada ki zauna kusa. Ki tafi can ƙarshen lambu, ki bar madara a kan wuta. Idan ta fara tafasa za ta manta ina kan layi ta ƙwala miki kira yadda ta saba. Kada ki amsa da wuri. Ki bari ta yi ta kira, ina so in ji.

Ƙanwarki,
Fima